Baƙin Usaini Mai Turka

Bari in ba ku labarin Usaini Mai Turka tun yana kaina, don kwanakin nan magana takan zo mini da safe, kafin azahar ta tafi ba sallama. A nan Haɗeja aka yi shi, shekarar da ruwa ya hau gonakin shinkafa na wajen Guri, ko wadda ta biyo ta. Shekarar da aka sake rufin masallacin unguwarmu ce dai, wannan na tabbata, don a rana muka yi ta salla.

Usaini kiwon raguna yake yi irin na turka, wato a ɗaure rago wuri guda a yi ta ba shi abinci har ya kasa waiwaye. Ya iya, ban hana shi ba. Sai dai faɗin ya iya ya fi iyawar yawa. Yana da wani farin rago mai suna Ciyaman, wanda ya ƙi sayarwa salla bayan salla. An raɗa masa sunan ne don ba abin da yake yi sai zama da ci. Usaini yakan wanke shi da sabulun wanka, ya goge masa ƙaho da man gyaɗa, in baƙo ya zo sai ya fara gaida rago sannan a ba shi tabarma.

Wata rana muna zaune a zaurensa, ni da Umara, sai ga Bara'atu da butar shayi. Umara taubashinsa ne, ɗan kawunsa, kuma tun suna yara ba su taɓa rabuwa ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Bara'atu kuwa 'yar ƙanwar Usaini ce, a hannuna ta yi karatun allo, yanzu tana jami'a, ta zo hutu.

"Durƙusa nan ki faɗa musu abin da kike karantawa," in ji Usaini, "su ji irin kan da ake haifa a danginmu."

"Ta wajen uba ta gado shi," in ji Umara.

Bara'atu ta yi murmushi ta ce, "Kawu, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya. Wasu cuta suke sawa. Wasu a cikin ƙasa suke zaune, su ne ma ke ba da ƙanshin nan da ake ji in ruwan farko ya sauka. Daga irinsu ake samun maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin kafson da ake rubuta wa mutum a asibiti."

"Farautarsu ake yi ko kiwo?"

"Kiwo ne. A zaɓi iri guda, a sa a tankin da aka dafa don kada wani iri ya shiga, a riƙa hura musu iska. Wuyar aikin duk a abinci take. Da farko a ba su har su yi yawa. Daga nan sai a tsuke hannu, a riƙa ɗiga musu ruwan sukari kaɗan-kaɗan. In suka ƙoshi, hayayyafa kawai suke yi. Sai sun ji abinci na neman yankewa suke fitar da wani abu da zai kashe na kusa da su, don kada a raba da su. Wannan abin shi ake tacewa ya zama magani."

Usaini ya ajiye kofi a hankali.

"Wato yunwa kuke gasa musu."

"Awo ne, Kawu."

"Rowa ce aka sa wa farar riga. Malam, ka ji abin da ake koya wa 'ya'yanmu? Halittar Allah tana yi maka aiki kana ɗiga mata. Shi ya sa kafso ɗan mitsitsi. Da a hannuna suke, kowane kafso sai ya kai ƙwan agwagwa."

Na ce masa kowane ilmi da ma'abotansa. Ina da wani misali mai kyau da na ji daga bakin malaminmu na Jahun, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son dabino, yakan ɓoye shi a cikin rawani. Kafin in tuno misalin an wuce wurin.

Bara'atu ta koma makaranta. Washegari da la'asar Usaini ya tsaya a majalisarmu ta ƙofar masallaci ya sanar cewa zai buɗe kamfanin magani a bayan ɗakin Ciyaman, kuma kafin ranar kasuwa ta biyu mai zuwa duk unguwa ta gama da asibiti.

"In bai fito ba fa, bawana?" in ji Umara.

"Zai fito."

"Na ce in bai fito ba."

"In bai fito ba, ka kwance Ciyaman a tsakiyar kasuwa ka ja shi gidanka, na ba ka halak malak. Jama'a ku shaida."

Jama'a suka shaida. Ni ma na shaida, ko da yake na so in ja shi gefe, amma ƙafata ta yi sanyi, kafin in miƙe maganar ta zama alkawari.

Ya samo shuɗin duro na roba, irin wanda ake tara ruwa. Dama kafin ta tafi Bara'atu ta ce ɗan cokalin ƙasa ya isa a nemo iri a ciki. Usaini ya sa aka kawo masa laka cikin amalanke daga bakin kogi, har da saiwar ciyawar kacala da wani kwaɗo da ya ƙi sauka. Ya zuba rabi a duro, ya cika da ruwa, ya juye sukari, ya bi da dusa da ƙuliƙuli. Maganar dafa duro ya ce ba da shi ba, ba a tarbar baƙo da ruwan zafi. Don iska kuma ya aro filafilin kwalekwale wurin masunta, yana tuƙawa safe da yamma yana yi musu kirari.

Matarsa Yakaka ta tsaya a bakin madafa tana kallo.

"Baban Kamila, dusar Ciyaman ce fa ka juye."

"Ciyaman ɗan gida ne, ya yi haƙuri. Baƙi gare mu."

"Su nawa?"

"Yarinyar nan ta ce a cokali guda sun fi mutanen Jigawa yawa."

"To Allah ya sa kada su ce za su yi wanka."

Wannan kalma ta baƙi ita ta jawo komai. Umara ya ji ta a bakin Usaini, ya ɗauke ta ya bi gida-gida yana sallama daga zaure, yana cewa ashe ba ku ji ba, Usaini ya yi baƙi, gida ya cika, har ba wurin taka ƙafa. Ku kun san unguwarmu. In maƙwabci ya yi baƙi ba a jira ya roƙa, kowace mace takan zuba abin da ta dafa ta aika. Kuma ba a mayar da kwano da abincinsa, cin fuska ne, ba a kuma mayar da shi wayam.

Kafin magariba kwanuka suka fara shigowa. 'Yar'azumi mai ƙosai ta aiko da ƙosai da kunun tsamiya. Fanna ta aiko da burabusko da miyar busasshen kifi. Wata ta aiko da dambun shinkafa, ina jin Bushira ce, ko da yake kamar a lokacin Bushira ta riga ta koma Malam Madori. Wata dai ce mai hannu.

Yakaka ta ce, "Ka fita ka faɗa musu gaskiya. Ka ce baƙin a duro suke."

"In ce wa 'Yar'azumi baƙina ba su isa cin ƙosanta ba? Ke kin san bakinta. An aiko wa baƙi, baƙi za su ci."

Ya juye ƙosai, ya juye kunu, ya juye burabusko har da kan kifi, ya tuƙa da filafili.

"Kwanukan fa? Me zan sa a ciki in mayar?"

"Ki jera su. Kowane kwano da magani zai koma."

Da matan suka gane inda abincinsu yake tafiya, na zaci za su daina. Ai sai abin ya zama gasa. An ce Usaini ya ce baƙi sun fi motsi ranar da suka ci miyar Fanna. 'Yar'azumi ta ji, ta ɗaura mayafi ta zo da kanta da ƙwarya cike da fura da nono, ta tsaya a kan duro.

"Ina wanda ya ce miyar Fanna? Matsa in gani da idona."

Ta juye. Duro ya yi wani gurnani daga ƙasa, kumfa ta taso ta leƙo.

"Kin ji," in ji Usaini. "Godiya suke yi."

"Ai na san hannuna," in ji 'Yar'azumi, ta bar ƙwaryar ta tafi.

Ana cikin haka wari ya fara. Da farko kamar giyar da ta lalace, Allah ya tsare mu, daga baya kamar an jiƙa fata a kwatami. Liman ya gajarta karatu a sallar asuba. Kajin Yakaka suka ƙaura gidan maƙwabta. Usaini ya ce ai duk magani mai ƙarfi haka yake, wanda ya taɓa shan maɗaci ya sani.

Umara ya ba da shawara a kira Bara'atu a waya a gaban majalisa, don a ji yabo daga bakin masana. Usaini ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Ɗiyata, ina miki albishir. Sun ci sun ƙoshi. Kumfa har ƙasa."

"Su wa, Kawu?"

Ya faɗa mata.

"Kawu, me da me ka zuba?"

Ya fara lissafi. Da ya kai kan kifi ta ce ya tsaya.

"Kawu, don Allah kada kowa ya sha abin nan, ko kaza. Waɗanda kake nema, in ma sun taɓa shiga, tuni masu ruɓar da abinci suka danne su, suka shanye iskar. Ko su kaɗai ne a ciki, da irin wannan ci ba za su yi magani ba. Ka kai shi bayan gari ka zubar. Kuma kada ka rufe shi."

"Kun ji hassada irin ta 'yan boko," in ji Usaini, ya kashe waya. "Ta ce kada in rufe. Wato a rufewar sirrin yake."

"Kaifin basirarka har tsoro yake ba ni," in ji Umara.

Dama Yakaka ta riga ta ce ko duro ya bar gidan ko ita. Sai Usaini ya ga ya sami hanyar da zai riƙe duka biyu. Ya yi wa baƙi abincin bankwana da sauran dusar Ciyaman da buhun kankana da ta fashe, ya danna murfi, ya ɗaure da robar tayar keke, ya liƙe gefen da laka, ya gangara da duro tsakar rana don ya nuna. Wari ya ragu. Duro ya fara kumbura. Ya yi ciki, ya yi ƙugu, gindinsa ya tashi daga ƙasa har yana rangaji in an taɓa. Usaini ya riƙa shigo da mutane suna gani.

"Ku duba. Ni ko roba na turka sai ta yi ƙiba."

Ba wanda ya kula da Ciyaman sai Yakaka, da takan jefa masa ɓawon rake da guntun ƙanzo. Ragon da bai taɓa ganin gindin akalarsa ba yanzu yana lasar katako. Ya daina kwanciya. Ya koyi tsayuwa, ya koyi kallon mutum ta ƙasan ido. Rannan na shiga duba shi, don muna ɗasawa da shi, ya yi mini wani kallo da ya sa na tuna ina da uzuri a waje.

Ranar kasuwa ta zo. Usaini ya ce ba a buɗe abu irin wannan a lungu, sai a kara, inda ake cinikin dabbobi, a gaban Sarkin Kara da dillalai da suka san darajar kiwo. Ya sa babbar riga fara, ya rataya wani farin ƙyalle a wuya irin na likitoci a ganinsa. Aka ɗora duro a amalanke. Hanyar kuwa duk rami ce, ga rana ta take. Duro na tsalle yana ƙugi, Usaini na gefe yana shafa shi yana cewa a yi haƙuri an kusa. A baya Umara ne riƙe da igiyar Ciyaman, wai yana koyon riƙo. A bayansu matan unguwa, kowace ta karɓi kwanonta wurin Yakaka ta zo karɓar magani. Ni ina can ƙarshe da sandata, ina tunanin ko na rufe taga.

Aka sauke duro a tsakiyar kara. Mutane suka kewaye, har da Fulanin da suka bar shanunsu da masu kifi da suka bar tirensu. Sarkin Kara ya zauna a gaba a kan kujera. Aka turke Ciyaman kusa da duro don kowa ya ga abin da aka sa a alkawari.

Usaini ya hau amalanke.

"Jama'a, Turawa sun yi shekaru suna ɗiga wa bayin Allah abinci da cokali. Ni Usaini, a ɗan wannan lokaci, da muciya da zuciya ɗaya..."

"Da ƙosaina," in ji 'Yar'azumi.

"Da ƙosan Hajiya. Abin da ke cikin duron nan, in mai gyambo ya wuce ta gefensa..."

"Bawana," in ji Umara, "kamfaninka yana fito."

Gaskiya ne. Lakar da aka liƙe murfi da ita ta tsage, wani siririn sauti yana fita, tare da shi kuma ƙanshin dusa mai tsami. Mu wari muka ji. Ciyaman abincinsa ya ji. Ya ɗaga kai, ya buɗe hanci, ya ja da baya har igiya ta miƙe. Wani dillali ya ce ragon nan ba ya faɗa, ya san shi tun yana ɗan tunkiya. Bai rufe baki ba turke ya tumɓuke.

Ban ga karon da ya kai wa duro ba, don na sunkuya neman takalmina da ya zame. Ƙarar dai na ji, kamar tayar babbar mota ta fashe. Murfi ya tashi ya sauka a rumfar masu tattasai. Abin da ke ciki ya bi shi sama, ya tsaya can ɗan lokaci kamar yana zaɓen mutane, sannan ya sauko. Ya sauka a kan Sarkin Kara. Ya sauka a kan dillalai da Fulani da masu kifi. Matan da suka ɗaga kwanuka don kare kai kowace ta samu rabonta, ba wadda aka yi wa rowa. Shanu suka watse, jakuna suka ɗauki kuka, wani mai rake ya hau bishiya da rakensa. Ni da nake sunkuye bayana ne kawai ya samu, na gode Allah.

Usaini na tsaye a kan amalanke, ba a ganin komai nasa sai idanu. Wani kan kifi na zaune a kan hularsa.

"Kada kowa ya goge," ya ce. "A jiki yake aiki."

Sarkin Kara ya share fuska da hannun riga, ya duba hannun rigar, ya duba Usaini. Mutum ne mai sanyin magana.

"Malam Usaini, ka ce abin nan kisa yake yi wa ƙananan halittu."

"Nan take, ranka ya daɗe."

"To ga ƙudajen kasuwa duk sun hallara. Mu jira mu gani."

Muka jira. Ƙudaje suka ci, suka sha, suka aika aka kira 'yan'uwansu na mahauta. Ba wanda ya ko yi tangaɗi. Wani manomi daga Malam Madori ya matso ya shinshina, ya tambaya ko za a bar masa sauran na gindin duro, yana da tattasai da ke son taki.

'Yar'azumi ta kife kwanonta a gaban amalanke.

"Usaini, in ka sake yin baƙi, ko daga Makka suke, ka dafa musu da kanka."

Sarkin Kara ya ce alkawari an yi shi gaban jama'a, ga jama'a kuma. Umara ya kama igiya. Ciyaman na tsakiyar taɓo yana tsintar ɓawon kankana, aka janye shi da ƙyar kafin ya ci abin da zai kumbura shi.

Nan fa na ga fuskar Usaini ta canza a ƙarƙashin dusa. Ya sauko daga amalanke a hankali. Ya tsaya gaban ragon, ya riƙe igiyar ta wajen wuya, ya cire masa wata saiwar kacala da ta maƙale a ƙaho.

"Ba ya cin harawa in ba a yayyafa mata ruwan kanwa ba," ya ce, ba tare da ya dubi Umara ba.

"Na ji."

"Kuma ba ya son a tsaya masa ta hagu."

"Na ji, bawana. Saki igiyar."

Ya saki. Umara ya ja, Ciyaman ya kafe. Ya ja da ƙarfi, dillalai biyu suka tura ta baya, rago ya zauna daɓas yana kallon Usaini. Usaini ya taka zai tafi gida, rago ya miƙe ya bi shi, don duk kasuwar ba wanda ya kai shi ƙanshin dusa. Ya tsaya, rago ya tsaya.

"To ai sai ka wuce gaba," in ji Umara. "Ka san hanyar gidana."

Haka suka ratsa kasuwa, ta layin masu shinkafa, ta layin masu riɗi, har bakin titi. Usaini a gaba yana ɗiga, Ciyaman a baya yana lasar gefen rigarsa, Umara a ƙarshe da igiya yana amsa barka. Mutane na toshe hanci suna darewa. Kafin su kai masu kifi na ga kafaɗun Usaini sun fara komawa wurinsu. Wani mai shayi da bai san abin da ya faru ba ya leƙo ya tambaya lafiya.

"Lafiya lau," in ji Usaini. "Aiki ne ya yi mini yawa, na ɗauki mai jan igiya. Umara, riƙe da kyau, mutane na kallonka."